Rabin Shafi

Sefa ɗari uku ne awa guda a sibar ɗin Hamajoda.
Na biya na awa biyu,
na zauna gaban farin shafi
kamar mai jiran kwalekwale a bakin Binuwai.

Suna ba wuya:
Uwani Tanimu, Rumde Ajiya, Garwa.
Lambar waya.
Shekara biyu a jami'ar Gaundere, sashen lissafin kuɗi.
Layi huɗu ke nan,
shekara ashirin ta ƙare.

Sai ga gurbin da aka ce ƙwarewa.
Ɗan baƙin tsinken nan na kwamfuta
ya tsaya yana ƙyafta mini ido,
ni ma ina ƙyafta masa.

Hamajoda ya leƙo ta kafaɗata, goro a kunci:
"Rubuta mai himma, mai son aiki da jama'a.
Jiya mutum bakwai na buga wa takarda,
duk masu neman sitaj,
duk masu himma ne."

Na rubuta. Na kalle shi.
Ya yi mini kamar takalmin aro.

To ina zan sa littafin bashin garejin Baba,
mai bangon kwali, mai warin baƙin mai,
da nake riƙe tun ina 'yar sha ɗaya?
Na san wanda ke biya ran Juma'a bayan masallaci,
na san wanda ke sauya hanya in ya hango inuwar rumfarmu.
Ni na gano jaka huɗu da rabin nan
da aka kusa korar Bappa yaron shago a kanta,
ashe Baba ne ya rubuta taya ɗaya sau biyu.
Watan da zazzaɓi ya kwantar da shi
ni na sallami yara kowace yamma,
ni na ja ciniki da 'yan Mubi masu kawo kayan babur,
suna faɗi da naira, ina juyawa sefa a kaina
kafin su gama danna waya.

Faransanci bai da aljihun da zai ɗauki wannan.
Na matse, na matse,
ya fito layi guda:
kula da littafin kuɗin ƙaramin gareji, shekara tara.

Harsuna.
"Sa na Nasara a gaba," in ji Hamajoda.
Hausar da nake mafarki da ita ta zo ta uku,
Fulatanci na bin ta a baya
kamar 'yan rakiya.

Nan wuta ta ɗauke.
Fanka ta yi juyi biyu ta sallama.
Ban adana ba.

Da ta dawo, saura minti goma sha biyu.
Na sake bugawa da yatsu biyu, gumi na bin wuyana,
ban sami lokacin himma ba,
na bar ta can cikin duhu.

Rabin shafi injin ya tofo, da ɗuminsa.
Ƙasan fari fat, kamar gonar da ba a taɓa ba.

Baba ya goge hannu da tsumma har sau uku
kafin ya karɓa ta gefe-gefe.
Ajami yake karantawa, boko sai lambobi.
Ya ga tara.
"Wannan fa?"
Na ce garejinka ne.
Ya yi shiru. Ya ce, "Goma ne, kin manta shekarar ambaliya."
Da ya miƙo mini,
ga shatin babban yatsansa a kusurwa, baƙi, da zanensa duka.

Ina da ɗarin sake bugawa.
Na sayi ruwan sanyi da ita.

Da safe, a ƙofar kamfanin auduga,
mai gadi ya karɓa bai dube ni ba,
ya ɗaga dutsen da ya danne tulin takardu,
ya sa tawa, ya mayar da dutse.
Duk farare ne, duk gefensu ɗaya.
Na taka kaɗan na waiwayo:
daga nan ma ina iya gane tawa.